A buɗe kwalin!

Kwanan baya na je Yamai, na sauka gidan wani abokina. Tare muka shiga makaranta muna ƙanana. Shi ya ci gaba da karatu har ƙasar waje, ni kuwa na zama malami. Da muka gaisa, aka kawo ruwa na sha, sai idona ya faɗa kan wani akwati mai ƙofar gilashi a kusurwar ɗaki. Kwalaye ne jere a ciki. Kowane kwali yana da ƴar taga, ana hangen abin da ke ciki. A ɗaya daga cikinsu na ga wata ƴar mota mai siffar manyan motocin ɗaukar kaya. Kanta ja ne, tirelarta ruwan toka.

Na ce: «Wannan fa?»

Ya ce: «Mota ce, kuma mutum-mutumi ne. In ka juya ta nan, ka lanƙwasa ta can, sai ta miƙe tsaye, da kai, da hannuwa, da ƙafafu.»

Ɗansa, yaro ɗan shekara 9, yana tsaye bakin ƙofa yana jinmu. Ya matso a hankali, ya ce: «Baba, yau tunda ga baƙo, za a buɗe?»

Uban ya ce: «A'a. Ranar da aka buɗe kwalin nan, ranar darajarsa za ta faɗi.»

Yaron bai ce kome ba. Ya sunkuyar da kai ya fita.

Yara, tun daga ranar nan maganar take damuna. Ga ra'ayina a fili: abin wasa na hannu ne. Wanda aka kulle cikin kwali ya zama ado kawai. Wannan kuwa da na gani ya fi sauran kayan wasa buƙatar hannu, domin duk hikimar da ke cikinsa ba ta fitowa sai an juya shi. Zan gaya muku dalilaina. In kun gama karatu, ku ma ku faɗi naku.

Abin da na riƙe a hannuna

Da dare, ganin na dame shi da tambaya, abokina ya buɗe wata jaka ya ɗauko mini wani tsoho irin na cikin kwalin. Tun yana ɗalibi ya saye shi wajen masu tsofaffin kaya. Fentinsa ya ɗan goge. Ana kiran irin waɗannan kayan wasa Transformers, wato masu rikiɗa. Wanda na riƙe sunansa Optimus Prime, shi ne shugaban na kirki a cikinsu.

Kun san tatsuniyar dodon da ya rikiɗa ya zama saurayi. A tatsuniya ba a gaya mana yadda ya yi. Nan kuwa babu siddabaru, kome a gaban ido ake yin sa.

Kan motar yana da taya 6 na roba mai laushi, suna kuma juyawa sosai. Yana da gilashi biyu a gaba, da fitilu, da bututun hayaƙi biyu masu walƙiya kamar azurfa. Yana da ɗan nauyi a hannu, domin gabansa ƙarfe ne. Abokina ya cire tirela ya ajiye gefe, ya ce in fara.

Na kama bayan motar, wanda yake shuɗi, na saukar da shi ƙasa. Sai ga ƙafafu biyu. Na buɗe ƙarshensu, suka zama tafin ƙafa. Na janyo gefen dama da gefen hagu, sai ga hannuwa, bututun hayaƙi kuma ya koma kan kafaɗa. Na juya wani ɗan faifai a sama, sai ga kai ya fito daga inda yake ɓoye. Gilashin gaba ya zama ƙirji. Ragar gaban mota ta zama ciki. Daga ƙarshe na ɗauki dunƙulen hannu na soka a ramin fitila. Ɗaya kawai na soka, domin ɗayan ya ɓace tun da daɗewa.

Shi ke nan, mota ta tafi, mutum-mutumi ya zo. Tsawonsa kamar taƙi guda. Ban da dunƙulen hannun nan, ban ƙara kome ba, ban rage kome ba. Tirelar ma ba a bar ta haka ba. In an buɗe ta biyu, sai ta zama wurin gyara, da wata ƴar mota mai taya 6 a ciki.

Mayar da shi mota ya fi ba ni wuya. Na yi kuskure sau 3, abokina yana ta dariya. A karo na huɗu na iya. Daɗin da na ji a lokacin nan, irinsa nake ji in na warware lissafi mai wuya. Ta tagar kwali ba a samun wannan daɗin.

Daga ina ya fito?

Asalinsa ƙasar Japan ne. A 1980 wani kamfani mai suna Takara ya fitar da wasu kayan wasa da ya kira Diaclone. Injuna ne masu siffar mutum, da ƴan ƙananan direbobi da ake zaunarwa a ciki. A 1982 kamfanin ya fara yin waɗanda ke kama da motocin gaske, irin waɗanda ake gani bisa titi. Cikin masu zana su akwai Kojin Ono da Shoji Kawamori. An haifi Kawamori a 1960. Ku yi lissafi, za ku ga saurayi ne ƙarami a lokacin. A 1983 aka fitar da jar motar nan da na ba ku labari. A shekarar kuma Takara ya fitar da wasu da ya kira Micro Change. Su kayan gida ne ke rikiɗa: rikoda mai cin kaset, da abin ɗaukar hoto, da bindigar wasa.

A 1983 ɗin nan mutanen wani kamfanin Amurka mai suna Hasbro suka je kasuwar baje kolin kayan wasa a Tokiyo. Suka ga kayan, suka sayi izinin sayar da su. Suka haɗa iri biyun nan wuri ɗaya. Suka nemi marubutan kamfanin Marvel, masu buga littattafan labari cikin zane, su ƙago musu labari. Wani marubuci, Bob Budiansky, shi ya raɗa wa da yawa daga cikinsu suna. Aka raba su gida biyu, na kirki da miyagu, aka ce daga wata duniya suka zo. A 1984 suka shiga kasuwar Amurka da sunan Transformers.

Ga wani abu da ya ba ni sha'awa. Da na buɗe ƙirjin Optimus Prime, sai na ga wurin zama a ciki, babu kowa. Na tambaya. Ashe wurin ƴan direbobin nan ne na Japan. A labarin Amurka an ce injunan suna da rai, ba su buƙatar direba. Aka cire direba, kujera ta tsaya. Tarihin abin yana nan cikin ƙirjinsa, amma sai wanda ya buɗe ke ganinsa.

Darussa huɗu da ke cikinsa

Na farko: kowane yanki yana da aiki biyu. Mai zana abin ba shi da wurin ɓarna. In ya sa taya 6 a mota, dole ya san inda za su koma a jikin mutum. In ya yi wa mutum kai, dole ya nemo masa maɓoya a cikin mota. Kowane guntu sai ya amsa tambaya biyu: mene ne kai a mota, mene ne kai a mutum? Gwanin zane shi ne wanda bai bar wani guntu yana lilo a baya ba aikin yi. Masu sanin abin da haka suke auna shi. In an juya bayansa aka ga rabin mota rataye kamar goyo, sai su ce aikin bai yi kyau ba.

Na biyu: kome bi da bi ake yin sa. In ka nemi rufe gefen mota kafin ka mayar da hannu wurinsa, ba za ta rufu ba. In ka matsa da ƙarfi, ta karye. A kan kwalayen yanzu ana rubuta yawan matakan da za a bi. Wani mataki 1 ne, don ƙananan yara. Wani 20. Wani ya wuce 40. Yaron da ya riƙe mataki 20 a kansa, ya bi su gaba, ya kuma bi su baya, ya koyi abin da ake nema wajen rabawa mai tsawo a lissafi, da wajen ɗinki, da wajen kwance inji a mayar.

Na uku: gaɓoɓi. Ku miƙa hannunku ku duba. Gwiwar hannu tana lanƙwashewa gefe ɗaya kawai. Wuya yana juyawa. Kafaɗa tana zuwa kusan ko'ina. Haka masu ƙira suka yi. Akwai gaɓa mai buɗewa kamar ƙyauren taga. Akwai mai juyawa kamar murfin kwalba. Akwai mai zamewa kamar akwatin ashana. Akwai kuma mai kan ƙwallo, wadda ke zaune cikin ɗan rami. Wanda ya taɓa duba ƙashin cinyar akuya wajen mahauci ya san irinta. Na farkon nan na 1984, da yawansu ƙafafunsu ba su motsi sosai, tsaye kawai suke kamar turmi. Daga 1996, lokacin da aka fitar da masu rikiɗa dabbobi, gaɓa mai kan ƙwallo ta yawaita. Tana da amfani biyu. Abin wasan yana iya durƙusawa, ya ɗaga hannu, ya waiwaya. In kuma yaro ya ja da ƙarfi, sai ta fice kawai, a mayar da ita, ba ta karye ba.

Na huɗu: zaɓen kayan aiki da awo. Taya roba ce mai laushi, don ta kama ƙasa. Jiki roba ce mai tauri, wadda ake kira ABS. Wani wuri ƙarfen zubi ne, don ƙarfi da nauyi. Ana narkar da robar, a tura ta da ƙarfi cikin mazubi na ƙarfe, ta huce, ta fito da siffar da ake so. Wanda ya ga masu zubin tukwane a kasuwar Katako ta Yamai ya ga dangin wannan aikin. Su da ƙasa suke yin mazubinsu. A nan kuwa awo ya fi tsanani. In rami ya fi abin da ke shiga cikinsa faɗi, ko da bai kai milimeta 1 ba, hannu zai riƙa faɗuwa. In ya fi shi ƙunci, ba zai shiga ba.

Ku duba darussan nan huɗu. Wanne ne ake koya da kallo? Ko ɗaya babu. An ce gani ya kori ji. Ni kuwa a nan sai in ƙara: taɓawa ta kori gani.

Mu yi hankali da talla

Kada ku ce malam ya zama ɗan tallan kamfani. Akwai abin da ban yarda da shi ba, zan kuma faɗa.

A 1984 hukumar da ke kula da gidajen talabijin na Amurka ta sassauta ƙa'idojin talla. A shekarar nan aka fara nuna fim ɗin zane na Transformers. Yara suna zaune suna kallon labari. Amma kusan kowane jarumi da ya fito a labarin, ana sayar da shi a kanti. In an fito da sabon abin wasa, sai sabon jarumi ya shigo labari. Ashe fim ɗin talla ne mai tsawo.

A 1986 aka yi babban fim na silima. A cikinsa aka kashe Optimus Prime da wasu tsofaffin jarumai. Dalili kuwa, ana so a share wuri don sababbin kaya. Yara da yawa suka yi kuka, iyaye suka yi ƙorafi. A 1987 masu labarin suka tashe shi, ya dawo. Kun ga ke nan, mutuwarsa da tashinsa duka ciniki ne ya kawo su.

Mai talla yana son ka ce: «Ina da 3, saura 10.» Ba ya son ka ƙoshi. To, yaron da ya san abu ɗaya ciki da waje, har yana iya juya shi ido rufe, ya fi wanda ya tara 10 bai san ko ɗaya ba. Ku ji daɗin labari in kun samu. Amma ku riƙa tambaya: wa ya shirya shi, me kuma yake so in saya?

Abin da masu tarawa ke cewa

Yaran da suka yi wasa da su a 1984 yanzu manya ne, wasu har da furfura. Kamfanonin sun san da haka. A 2003 Takara ya fitar da wani sabon Optimus Prime don manya, cikin jerin da ya kira Masterpiece. Tsawonsa wajen santimeta 30, yana da nauyi, har yatsunsa suna lanƙwashewa ɗaya-ɗaya. Daga nan tara su ya ƙara zama sha'awar manya. Har akwai kamfanonin da aikinsu shi ne su duba kwalin da ba a taɓa buɗewa ba, su ba shi maki, su rufe shi cikin wani akwatin roba mai tauri. Kwali cikin akwati ke nan.

Abokina yana da hujjoji, ba kuma na banza ba ne. Ya ce: «Malam, ka ga wanda ka riƙe. Hannu ɗaya ya ɓace, fenti ya goge. In kowa ya buɗe nasa, nan da shekara 50 wa zai san yadda yake tun yana sabo?» Ya ƙara da cewa wanda ba a buɗe ba ya fi tsada nesa ba kusa ba, wata rana zai iya sayarwa ya yi wa yaran hidima.

Na yarda da rabin maganarsa. Adana kayan tarihi abu ne mai kyau. Don haka ake gina gidajen tarihi, kamar na Bubu Hama da ke Yamai. A birnin Rochester na Amurka akwai gidan tarihi na wasanni, a 2024 kuma ya sa Transformers cikin jerin kayan wasan da ya karrama. Amma abin da ke gidan tarihi na kowa ne. Dubban mutane ke zuwa su gani. Wanda ke kulle a ɗakin mutum ɗaya fa, wa yake karantarwa?

Maganar kuɗi kuma, ba ta da tabbas. Abu yana tsada ne in yana da wuyar samu, in kuma akwai masu nemansa. In mutane da yawa suka saya suka ɓoye, to ba shi da wuyar samu. Kuma kwali ba ya hana tsufa. Farar roba takan koma rawaya. Tayar roba takan tsage. Wata robar ma takan yi rauni har ta marmashe. Wanda ya jira shekara 30, yana iya buɗewa ya tarar lokaci ya riga shi wasa da abin.

Akwai kuma abin da ya fi roba saurin wucewa, shi ne ƙuruciya. Yaro ɗan shekara 9 ba zai jira ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Hannun da bai saba kwancewa da ɗaurawa yana ƙarami ba, zai ji tsoron inji in ya girma.

Wanda ke rikiɗa da kansa

A 2021 wani kamfani mai suna Robosen ya fitar da Optimus Prime mai batir. Yana da ƙananan injuna 27 a gaɓoɓinsa. In ka yi masa magana, sai ya miƙe da kansa, ya yi tafiya, ya koma mota. Kuɗinsa a lokacin dalar Amurka 700, wato kusan jikka 400 na kuɗinmu. Aiki ne na ban mamaki, injiniyoyin da suka yi shi sun cancanci yabo. Amma in aka ce in zaɓa wa ɗalibina, tsohon nan mai hannu ɗaya zan zaɓa. Mai batir shi ke wasa, yaro yana kallo. A tsohon kuwa, yaro ne injin.

Mu fa?

Na san da yawa cikinku ba su taɓa riƙe irin wannan abin ba. Wataƙila kun ga na roba marar ƙarfi a kasuwa, ko kun gan su a fim. Kada wannan ya dame ku. Abin da na yaba a cikinsa, kuna da irinsa.

Wa ya taɓa yin motar kara? Wa ya taɓa yin ta waya, ko ta gwangwani? Ka fere karan dawa, ka raba ɓawo da ɓargo. Ka yanka tsohon takalmin roba ka yi taya. Ka auna taya huɗu su zo daidai, in ba haka ba mota ta riƙa ɗingishi. Ka sa dogon sanda mai sitiyari, in ka juya shi tayoyin gaba su juya. Wannan gaɓa ce ka ƙera. Ka zaɓi kayan aiki, ka yi awo, ka bi mataki bayan mataki. Darussa uku ke nan cikin huɗun da na lissafa.

Saura ɗaya, na yanki mai aiki biyu. Shi nake so ku gwada. Ku nemo kwali, da waya, da murfin kwalba, da akwatin ashana. Kafin ku yanka kome, ku ɗauki takarda ku zana mota a hagu, mutum a dama. Ku sa wa kowane yanki lamba. Lamba 1 a mota, ina take a mutum? In wata lamba ta rasa wurin zuwa, ku sake zane. Na farko ba zai yi kyau ba. Na biyu ma wataƙila haka. Da koyo akan iya. Masu zanen Japan ma da takarda da fensir suka fara, suna yi suna ɓatawa.

Ƴan mata, da ku nake. Kada wani ya ce muku wannan wasan maza ne. Wadda ta iya lissafin zanen faifai tun kafin ta fara saƙa, ta iya wannan.

Ƙasa tana buƙatar masu gyaran famfo, da injin niƙa, da babur, da fitilar hasken rana. Tana buƙatar waɗanda wata rana za su ƙera nasu. Irin waɗannan mutane suna fitowa ne daga yaran da aka bari suka buɗe abu suka ga cikinsa.

Wanda kuma ya sami abin wasa irin wannan, ya riƙe shi da kyau. Buɗewa daban, ɓarna daban. In gaɓa ta ƙi motsi, kada ka tilasta mata, akwai matakin da ka tsallake. Kada ka bar shi a rana ko cikin rairayi. Ka tara ƙananan guntaye wuri ɗaya, nesa da ƙannenka masu sa kome a baki. In ka iya, ka koya wa wani.

Yadda muka rabu

Da safe, ina shirin tafiya tasha, na sake tayar da maganar. Abokina ya yi shiru. Bai buɗe akwatin gilashi ba, ban kuma ci nasara a kansa duka ba. Amma ya kira ɗansa, ya miƙa masa tsohon nan mai hannu ɗaya, ya ce: «Ungo. Kawunka ya yi kuskure sau 3. Mu ga naka.»

Yaron ya zauna bisa tabarma. Ya juya shi gaba, ya juya shi baya. Bai tambayi kowa ba. Kafin in gama ɗaure jakata, ya mayar da shi mota. Sa'an nan ya ɗaga kai ya ce: «Baba, hannun da ya ɓace, in na sami icce mai laushi zan iya sassaƙa masa wani.»

Na bar shi yana auna ramin fitila da tsinken tsintsiya.

Tambayoyi

1. A wace ƙasa aka fara ƙera waɗannan kayan wasa? A wace shekara suka shiga kasuwar Amurka?
2. Me ya sa akwai kujera babu direba a ƙirjin Optimus Prime?
3. Ku faɗi irin gaɓoɓi huɗu da aka ambata. Ku nemo misalin kowace a cikin aji ko a gida.
4. Waɗanne hujjoji abokin marubucin ya kawo? Wace amsa aka ba shi?
5. Kai fa, ko ke, me kuka gani: a buɗe kwalin ko a bar shi? Don me?

Aiki

Ku tambayi kuɗin buhun hatsi a kasuwar garinku. Buhu nawa za a saya da jikka 400?

Ku kasu ƙungiya-ƙungiya, mutum 4 a kowace. Kowace ƙungiya ta zana abu ɗaya mai siffa biyu, ta ƙera shi, ta kawo aji ta nuna matakansa.